An kori ɗana daga kwaleji kan zargin satar amsa, ina mafita?

Tambaya: Barista, ni mutumin Daura ne. Ɗana yana aji biyu a wata kwaleji a Katsina. An samu waya a aljihunsa a ɗakin jarrabawa, nan take aka sa shi ya sa hannu a wata takarda. Kwamiti ya kira shi sau ɗaya, bai yi minti goma a ciki ba, kuma ba a kawo malamin da ya kama shi ba. Takardar kora ta fito mako shida da suka wuce. Mun tura manya kamun ƙafa, har yanzu shiru.

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo mafita. Ɗauko takardar korar ka duba kwanan watan da ke kanta. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba wanda zai kai hukuma ƙara wata uku ne kacal, kuma kotuna sun sha amfani da ita a kan makarantun gwamnati. Rabin lokacinku ya tafi. Kamun ƙafa ba laifi ba ne, amma ba ya tsayar da ƙirgen kwanakin nan, kuma "ku ƙara haƙuri, ana dubawa" ta cinye wa iyaye da yawa haƙƙinsu.

Kotu ba za ta zauna ta sake binciken ko yaron ya leƙa wayar ba. Abin da take dubawa shi ne yadda aka yanke hukuncin. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta a saurari mutum bisa adalci. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai bayan tarzomar 1983, kuma cikin dalilanta har da cewa shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Don haka ka zaunar da yaron ka tambaye shi dalla-dalla: an ba shi tuhumar a rubuce kafin zaman? Kwana nawa aka ba shi ya shirya? An nuna masa rahoton mai sa ido da ita wayar? Wanda ya kama shi yana cikin masu yanke hukuncin? Rashin kawo malamin ya tsaya a yi masa tambayoyi, shi ne wurin da lauya zai fara riƙewa.

Takardar da ya sa wa hannu ita ce ta fi damuna. In abin da ya rubuta shi ne "an samu waya a aljihuna a kashe", da sauran magana, ko da yake makarantu da yawa sun ɗauki shiga da waya kawai a matsayin laifi. In kuwa ya rubuta "na yi, a yafe mini", to ƙarar ta yi rauni sosai, domin wanda ya amsa laifi da hannunsa da wuya ya ce ba a saurare shi ba. Ku nemi kwafinta. Ku nemo kuma littafin dokokin ɗalibai na shekarar da ya shiga, ku duba hukuncin da aka rubuta wa wannan laifin. In ya ce dakatarwa ta zango biyu aka yi kora, kun samu hujja mai ƙarfi.

A cikin makon nan, shi yaron da kansa ya rubuta takardar neman sake duba hukuncin zuwa ga majalisar gudanarwar kwalejin ta ofishin rijistara. Kwafi biyu, a buga wa naku hatimi da kwanan wata. Kada a tsallake wannan mataki: a shari'ar Jami'ar Ilorin da Oluwadare, 2006, ɗalibin da aka kora kan satar jarrabawa ya garzaya kotu bai jira ƙorafinsa na cikin gida ba, Kotun Ƙoli ta ce ya yi gaggawa, ta kuma ce zama ɗalibi ba ya cikin haƙƙoƙin da ake ƙwato su ta hanyar ƙarar haƙƙin ɗan Adam. Sai dai kada ku ɗauka shigar da takardar ya daskarar da wata ukun. Lauya ya riƙe fayil ɗin tun yanzu, ya duba ko dokar da ta kafa makarantar tana buƙatar sanarwa kafin ƙara, ya kuma tantance kotu: makarantar tarayya Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, ta jiha kuwa Babbar Kotun Jihar Katsina.

Ka kuma sani satar jarrabawa laifi ne a dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999, mai ɗaurin shekara 3 ga wanda ya kai 18. Makarantu ba su cika miƙa ɗalibi ga 'yan sanda ba, amma wannan ya isa dalilin da zai hana yaron sake sa hannu a wata takarda ko rubuta wasiƙar ban-haƙuri lauya bai gani ba.

In hujjar ta yi rauni, a nemi sassauci maimakon soke hukunci: a mayar da korar dakatarwa, ko a bar shi ya janye da kansa. Wannan ya fi masa sauƙi ranar da wata makarantar za ta tambayi dalilin barinsa ta farko.