Amsa ga mai son ɗora ƙaramin yaren kwamfuta a kan Haiku

Malam, ka tambayi ta inda za ka fara domin yaren rubuta manhaja da kake so, wanda masu amfani da shi ba su da yawa, ya yi aiki a kan Haiku, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta irin su Linux da Windows. Na taɓa yin irin wannan aiki da wani ƙaramin yare na dangin Lisp, kuma abin da na gani shi ne harhaɗa kwamfaila, wato manhajar da ke fassara rubutun yaren zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, ba shi ne mai wuya ba. Wahalar tana wuraren da masu yaren suka ɗauka cewa kowace babbar manhaja Linux ce.

Da farko ka duba da me aka rubuta kwamfailar yaren. Idan da yaren C ne, ko kuma tana da matakin farko na C kamar yadda Nim yake da shi, to gcc ɗin Haiku, wato kwamfailarta ta C, ya wadatar. Idan kuwa da yaren kansa aka rubuta ta, kamar Free Pascal, dole ka harhaɗa ta farko a kan wata babbar manhaja kamar Linux sannan ka kwaso ta. Ka yi gwajinka cikin QEMU ko VirtualBox, manhajojin da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfutarka, a kan sigar Haiku ta 64-bit, domin ta 32-bit har yanzu tana ɗauke da gcc 2.95 saboda tsofaffin manhajojin BeOS, babbar manhajar da Haiku ta gada, kuma hakan ƙarin ciwon kai ne da ba ka buƙata yanzu.

Haiku ta samo asali ne a 2001 da sunan OpenBeOS, kuma duk da cewa tana bin ƙa'idojin POSIX na manhajojin dangin Unix sosai, gadon BeOS yana nan a jikinta. Abubuwa da dama za ka gyara cikin yini ɗaya: babu /usr/include, babu /proc, ayyukan soket, wato na sadarwa tsakanin kwamfutoci, suna cikin laburaren libnetwork, sannan mafi yawan /boot/system ba a rubutu a cikinsa, sai dai ka ajiye kayan gwajinka a babban fayil na non-packaged.

Wanda ya cinye mini kusan mako biyu shi ne lambobin kuskure. A Linux lambar errno, wadda ke nuna irin kuskuren da ya faru, tana sama da sifiri, shi ya sa masu rubuta yare da yawa suke juya ta zuwa ƙasa da sifiri su mayar da ita a matsayin alamar gazawa. A Haiku kuwa lambobin tun asali ƙasa da sifiri suke, saboda haka da an juya su sai su koma sama, manhajar ta ɗauka komai ya tafi daidai. A wurina yaren yana buɗe fayil ɗin da babu shi, bai yi ƙorafi ba, sai can gaba ya faɗi a wani wuri da ba shi da alaƙa da matsalar, ni kuma ina ta zargin sashen kula da ƙwaƙwalwa ba gaira ba dalili. Akwai laburaren posix_error_mapper da aka tanada don wannan, amma a ganina gyara wurin a cikin yaren ya fi, tunda zato ne marar tushe tun farko.

Da zarar ya tashi, kada ka tsaya a kan cewa ya buga gaisuwa a allo. Ka gudanar da dukkan gwaje-gwajen yaren, ka rubuta waɗanda suka gaza da dalilinsu, sannan ka shirya masa fayil ɗin girki, wato umarnin harhaɗa shi, a HaikuPorts, inda ake tara irin waɗannan fayiloli na Haiku, domin mutane su same shi ta pkgman, manhajar saukar da manhajoji a Haiku. Facin da ka yi kuma, wato gyare-gyarenka a cikin yaren, ka tura wa masu yaren ƙanana-ƙanana, kowanne da bayaninsa. Ni na tura nawa a dunƙule, ya yi watanni ba wanda ya duba, domin babu mai Haiku a cikinsu da zai gwada, har sai da na rarraba shi gida shida na kuma yi alkawarin gwada kowace sabuwar siga kafin a fitar da ita.