Amsa kan ƙafar Akawal

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kwanon rufi ya yanki dokinka Akawal a ƙasan gwiwa, saura kwana 9 Sallah, abokanka kuma na cewa ka shafa baƙin mai ka ɗaure da tsumma, wai haka aka gada. Wallahi ba mu gaji wannan ba. Baƙin mai na inji ne, ƙona nama yake yi.

Abin da na tashi na gani a bargar kakanka shi ne, da asuba zai tsuguna da ƙwaryar ruwan ɗumi da gishiri, yana wanke ciwon yana yi wa dokin magana a hankali, hannunsa ɗaya na shafa cinyar don kada ya yi harbi. In ya bushe ya barbaɗa garin bagaruwa, wani lokaci zuma. Bai taɓa barin yaran barga su yi masa wannan aikin ba.

Kai ma ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri cokalin shayi 1, ya huce, ka wanke har ƙasa da tsakuwa su fita. Ɗaurin ne ke son nutsuwa. Ƙasan gwiwar doki ba tsoka, fata ce da ƙashi da jijiya, shi ya sa ciwon wurin ke jinkirin warkewa, har nama ya tsiro ya fi fata tudu. Ka ɗora ƙyalle mai tsabta a kan ciwon, ka naɗe ƙafar da auduga mai kauri, sannan bandeji a kai, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Kada ka matse. Na ga ingarma da tsananin ɗauri ya lalata wa jijiya, har yau abin na damuna. Kullum ka kwance ka duba, ka shinshina. Wari, zafi ko kumburi ba alamar alheri ba ne. Turken ya zama a busasshen wuri, ka kori ƙuda.

Yau ɗin nan ka kira likitan dabbobi ya yi masa allurar tetanus, ya duba ko yankan ya taɓa gaɓa. Tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki, na saurin kama doki, kuma a da mun rasa dawakai da ita muna kallo.

Maganar Hawan Daushe kuwa, ka haƙura bana. A gidanmu ba a ɗaura wa doki mai ɗingishi sirdi. In ranka na son hawa, zo ka ɗauki dokina Kili, da kayansa duka. Ka gaishe da mahaifiyarka.