Tambaya da Amsa: Wai Kwamfuta Kwas Ɗin Maza Ne?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki ban shawara. Bana na gama sakandare, ina so in cike kimiyyar kwamfuta a JAMB amma yayana yace wai kwas ɗin maza ne gara in nemi jinya ko koyarwa, Umma ma ta goya masa baya tace waye zai auri mace mai kwana gaban kwamfuta. Ni kuma wallahi lissafi nafi ganewa. Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikis salam 'yata. Maganar yayanki ta ban dariya, don na'urar ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, da aka ƙera a Amurka a 1945, mata shida ne suka fara tsara mata aiki, lokacin ma raina aikin ake ana ganin kamar na akawu ne, maza suna can wajen ƙarafa da wayoyi. Manhajar kumbon Apollo da ya sauka a wata a 1969 ma mace ce ta jagoranci rubuta ta, Margaret Hamilton.

A 1984 kashi 37 cikin ɗari na masu digirin kwamfuta a Amurka mata ne, sai kwamfuta ta shigo gidaje ana tallarta kamar kayan wasan yara maza, iyaye suka dinga saya wa 'ya'ya maza, yarinya ta shiga aji ta tarar samari sun riga ta taɓawa da shekaru sai ta ɗauka ita ce daƙiƙiya ta canza kwas, a haka adadin ya zube ƙasa da kashi 20. Mu ma ai haka muke, a sayo laftof a miƙa wa namiji, ke kuma kina taɓawa a ce za ki lalata, tashi ki ɗora girki.

Kar ki yi musu da Umma, ki lallaɓa ta, tsoronta na aure ne ba na kwamfuta ba. Ki nuna mata aikin nan mace na iya yinsa daga ɗakinta, ba kwanan asibiti kamar jinyar da ake zaɓa miki (ban raina jinya ba fa). In akwai kawu ko gwaggo da ake jin maganarsu ki kai musu.

Kafin sakamako ya fito ki fara koyon Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, ko a waya ne, kuma ki shirya ma ranki, in kin shiga ABU ko BUK za ki tarar maza sun fi yawa a aji, in an raba aikin rukuni za su so ba ki rubutun rahoto su riƙe kwamfutar. Ki ce a'a, ki ja kujera ki zauna gaban kibod ɗin.