Dattijon da ya kira ka bawansa a kasuwar Zuru

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka je awon dawa a kasuwar Zuru, mai dawar na jin daga Gusau kake sai ya ce yau ga bawansa ya zo gaisuwa, 'yan kasuwa suka bushe da dariya, kai kuwa ka ajiye masa kwanonsa ka yi gaba. Kana tambaya ko raini ne.

Ba raini ba ne, kai ne ma ka ba da mu. Tsakanin mu Zamfarawa da Dakarkari, mutanen ƙasar Zuru, akwai wasa tun kaka da kakanni, irin na Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarbawa. Tabarma dattijon nan ya shimfiɗa maka, ka tsallake. Da ka ce masa, "Baba, yaushe bawa ya fara yi wa ubangidansa awo ba gyara?" da har ƙari ka samu.

Ni ma na sha tawa. Lokacin da aka tura ni can malamin gona duk muna jihar Sakkwato, ba a cire Kebbi ba sai 1991, tamu ta Zamfara kuwa sai 1996. Wata damina na tarar da samari sun jeru a gonar wani tsoho, suna huɗa ba mai ɗaga kai. Na tambayi nawa ake biyansu. Aka ce golmo ne: saurayi da abokansa ke yi wa surukinsa noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Bakina bai da linzami a lokacin, na ce ai wannan bauta ce. Tsohon ya dafa fartanyarsa ya tambaye ni me na kai gidan su innarka. Na lissafa masa sadaki da lefe. Ya ce, "Ashe saye ka yi." Har na bar garin, Mai Saye yara ke kirana.

Sai dai ka san iyakar wasan. Ka zolayi mutum da ƙabilarsa, kada ka taɓa addininsa. A Zuru za ka ga Musulmi da Kirista uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya. Idan lokacin bikin Uhola ya zo bayan girbi aka gayyace ka, je ka yi kallo, abin da bai halatta gare ka ba ka ce an gode, ba sai da wa'azi ba. Sunan da Dakarkari suke kiran kansu Lelna ne, harshensu C'lela. Ka sa abokin aikinka ya koya maka gaisuwar safe ko da za su yi maka dariya.

Ran kasuwa ka koma wurin dattijon da goro biyu, ka ce ubangidansa ya zo karɓar haraji. Ka auno mana dawar, innarka na son ta kunu.