Ku Tambayi Anti: Aiki ya cinye ni, ina zan samu lokacin kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ni ma'aikaciya ce, ina fita tun bakwai na safe bana shigowa gida sai shida da rabi, kuma in na dawo ɗin ma oga ya dinga turo saƙo a WhatsApp a gyara wannan a turo wancan. Da can ina zane sosai, yanzu fentina da burushina suna cikin kwali sun bushe, shekara biyu rabona da su. Sannan na shiga wata ƙungiyar sa-kai muna koya wa yara karatu ran Asabar, da farko awa biyu ne amma yanzu ni ce sakatariya ni ce mai rubuta rahoto ni ce mai kiran iyaye, ranar da ban je ba sai inji kamar na ci amanar yaran. Ƙawayena suna zuwa gidan tarihi da kallon wasan kwaikwayo, kullum sai ince musu sai wani karon. Wlh na gaji Anti, me zan ajiye me zan riƙe? Daga ƙanwarki mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannu da fama. Zo mu yi lissafi tukuna kafin maganar zane. Bakwai zuwa shida da rabi awa 11 da rabi kenan, sau biyar ya zama awa 57 da rabi kina waje a sati, ba a saka saƙonnin dare ba, ba a saka Asabar ba. Ko an cire lokacin hanya kina dab da layin da likitoci suke jan kunne a kai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike cewa mai aikin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17, in an gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40, kuma sun ƙiyasta mutum dubu 745 ne doguwar awar aiki ta yi ajalinsu a 2016 kaɗai. Toh kinga gajiyar nan taki ba lalaci bane, jiki da jini ne.

Abun da na lura da shi a wasiƙarki shi ne jira kike lokaci ya rage sannan ki yi zane, kuma lokaci ba ya ragewa, aiki kamar ruwa yake duk inda ya ga gurbi sai ya cike. Sati awa 168 ne ga kowa, ki cire na waje ki cire barci awa takwas kullum, saura kusan awa 54, a ciki akwai aikin gida da iyali da ibada da zumunci, amma dai awa biyu ba za ta gagara ba in tun farko kika ware ta. Ki zaɓi dare ɗaya, misali Laraba, minti 40 kawai. Kuma ki fito da kayan daga kwalin nan yau ɗin nan, ki shimfiɗa takarda a tebur ki ɗora fensir a kai ki bar su a buɗe, saboda mutum in ya dawo a gajiye ba zai iya jawo kwali daga ƙarƙashin gado ya fara neman wane fenti ne bai bushe ba, waya zai ɗauka. Fensir ma ya isa a fara da shi. Zanen farko ba lallai ya yi kyau ba bayan shekara biyu, hannu sai a hankali yake dawowa, kar wannan ya karya miki gwiwa.

Inda na fi damuwa shi ne ƙungiyar nan. Kin shiga ne don ki zauna da yaro ki ga ranar da zai haɗa baƙi da wasali ya karanta kalma da kansa fuskarsa ta washe, wannan ne ya kai ki, ba rahoto ba. Yanzu an mayar miki da shi aiki na biyu mara albashi, kuma haka yake faruwa kusan a kowace ƙungiya, duk wanda aka ga ba ya cewa a'a shi ake ta jibgawa, ba don mugunta ba, don dai shi ne mai sauƙin kira. Ki samu shugabar ku ke da ita, ba a cikin guruf ba, ki ce mata: "Anti, koyarwar nan ina nan a kanta awa biyu duk Asabar, amma sakatariya da kiran iyaye daga ƙarshen wata mai zuwa zan sauka, a ba ni wadda zan nuna wa yadda ake yi." Kin ba su wa'adi, kin koyar da magajiya, babu cin amana a nan. Yaran sun fi amfana da malamar da za ta yi shekara biyar tana zuwa awa biyu a kan wadda za ta ɗauki komai ta faɗi cikin wata shida ta ɓace gaba ɗaya.

Oga kuma ki gwada lallami, in saƙo ya shigo ƙarfe tara na dare ki amsa da "na gani ranka ya daɗe, da safe shi zan fara yi". Da yawansu turowa suke don kar su manta, ba wai a daren suke so ba. In na gaggawa ne zai faɗa.

Fita da ƙawaye sau ɗaya a wata ya wadatar, amma ki tsayar da rana a kalanda, "wani karon" ba rana bace. Ga 18 ga Mayu ma, ranar gidajen tarihi ta duniya ce tun 1977, da yawansu suna shirya abubuwa na musamman, wasu ma shiga kyauta. Ki tafi da ƙaramin littafin zanenki ki zauna gaban abu ɗaya da ya burge ki ki zana shi, kin haɗa fitar da zanen a tafiya ɗaya. Kuma ki daina jin kunyar hutawa dan Allah, hatta Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na 1948 sashe na 24 ya ce hutu da nishaɗi haƙƙi ne, na 27 kuma shiga harkar al'adu da fasaha.

TAMBAYA: Anti ni dutina canzawa yake, wani satin dare wani satin rana, ina son aikin sa-kai amma ba zan iya alƙawarin rana ɗaya ba. Na haƙura kenan? Daga wani ƙaninki.

AMSA: A'a ƙanina, kuma ka kyauta da ka ƙi ɗaukar alƙawarin da ba za ka cika ba, alƙawari kaya ne. Ka nemi irin wanda ake yi a gama a zama ɗaya. Ba da jini misali, ɗibar kanta kamar minti goma ce, ma'aikatan za su duba lafiyarka su faɗa maka yaushe za ka iya dawowa, sai dai kar ka je kana saukowa daga dutin dare ba ka yi barci ba. In kana da kwamfuta kuma, shirin masu sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da ɓangaren aiki ta intanet, fassara ko rubutu ko zanen fosta, kana yi a lokacin da ka samu sarari. Ƙungiyoyin kusa da kai ma ka faɗa musu gaskiya cewa sai jadawali ya fito kake sanin ranakunka, su saka ka a jerin waɗanda ake kira in wani ya kasa zuwa.