Amsa ga mai tambaya kan manhajar da ta sauya masa saitin kwamfuta

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce tun da ka sa wata manhajar sauya bidiyo, Chrome ke buɗe maka shafin da ba ka sani ba, fayilolin PDF suka koma buɗewa da wata manhaja daban, kuma ka goge ta amma abin bai gyaru ba. Kana tambaya ko birus ne.

Na daɗe ina gyaran kwamfuta, kuma yawancin irin wannan da ake kawo mini shago ba birus ba ne, da izinin mai kwamfutar aka shiga. Akwatin nan da ke fitowa allo ya yi duhu, a ce ka zaɓi Yes ko No, sunansa UAC, tun zamanin Windows Vista yake. Kana danna Yes ka miƙa makullan gidan gaba ɗaya. A Android ana neman izinin kyamara daban, na lambobin waya daban, amma a nan tambaya ɗaya ce tak. Daga nan manhajar na iya rubutu a rajistar Windows, ta sa kanta cikin masu tashi tare da kwamfuta, ta sauya firoksi ko DNS (saitunan da ke nuna wa kwamfuta hanyar isa shafukan intanet), har ta dasa wani aiki da zai riƙa dawo da saitinta duk sanda ka gyara. Shirin gogewar kuwa masu manhajar ne suka rubuta abinsu, abin da suka ga dama kaɗai yake cirewa.

Kada ka ɗauka ƙananan 'yan damfara ne kawai ke yi. An yi shekaru manhajar Java na zuwa da Ask Toolbar, wani ƙari na burauza mai sauya injin bincike, an riga an sa maka alamar amincewa. A 2005 wani masanin Windows, Mark Russinovich, ya bankaɗo cewa wasu faya-fayan waƙa na Sony BMG na dasa manhaja mai ɓoye kanta a Windows. A 2015 kuma aka kama manhajar cusa talla ta Superfish a kwamfutocin Lenovo, sababbi fil daga kwali.

Ga yadda nake bi. Buɗe jerin manhajojinka ka jera su bisa ranar sakawa, duk abin da ya shigo rana ɗaya da mai bidiyon nan ka cire shi, don ba ta zuwa ita kaɗai. Cire ƙarin (extensions) da ba ka sani ba a Chrome, ka mayar da injin bincike. Sai wurin da mutane ke mantawa: danna alamar Chrome da ke kan allo da maɓallin dama na mouse, shiga Properties, duba layin Target. Ya kamata ya ƙare a chrome.exe. In ka ga adireshin wani shafi a bayansa, shi ne ɓarawon, share shi. Leƙa Task Scheduler (inda ake dasa ayyuka masu tashi da kansu) da saitin firoksi ma. Manhajar Autoruns ta Microsoft kyauta ce, tana baje maka duk abin da ke tashi da kwamfuta. Batun PDF mai sauƙi ne, a Default apps na saitin Windows ake gyara shi.

Nan gaba, sauko da kaya daga shafin masu shi, wajen sakawa ka zaɓi Custom maimakon Express, ka daina jera Next ido rufe. Wani shafin ƙarin manhaja yake tallata maka, Decline ne amsarsa, kuma manhajar za ta shiga lafiya lau. Kafin ka sa abin da ba ka yarda da shi ba, ajiye Restore point, wato madogarar da za ka iya mayar da Windows yadda take kafin sakawa.

Amma fa gaskiya, in daga filashin masu loda manhajoji a kasuwa ka samo ta, irin wadda ake cewa sai ka kashe antibirus kafin ta shiga, ni ba na ɓata lokacin bin diddigi. Kwashe fayilolinka, a sake zuba Windows, ka canza kalmomin sirrinka, musamman na imel da banki. In ba haka ba ne kuma shafin ya ƙi tafiya, ɗauko hoton abin da Autoruns ya nuna maka ka turo nan mu duba.