Mun sha neman tallafi wajen gidauniyoyi amma shiru, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da ƙungiyar mata a Zariya, muna koya wa zawarawa da 'yan mata ɗinki da saƙa, muna kuma biya wa wasu marayu kuɗin makaranta daga aljihunmu. Mun tura takardar neman tallafi wurare da dama ko amsa babu. Yanzu wani ya ce mu ba shi kuɗin aiki zai nemo mana tallafi daga waje, in kuɗi sun fito kuma a cire masa kasonsa. Don Allah ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka muku da alheri kan abin da kuke yi wa marayun nan. Bari in fara da maganar mutumin nan don ita ce ta gaggawa, kar ku ba shi ko sisi. Gidauniyar kirki ba ta karɓar kuɗin fom, kuma kuɗin tallafi in sun zo kowace naira da aikin da aka rubuta mata, babu wani layi a kasafi da ake kira kason dillali, to in kun cire masa dole ku yi ƙarya a rahoto, ranar da odita, wato mai binciken lissafi, ya zo kuma ku za a tuhuma ba shi ba. In kuna buƙatar mai taya ku rubutu ku biya shi ladan rubutunsa tun farko, ya yi aikinsa ya tafi.

Shirun da kuke ji kuma yawanci ba wai aikinku ne bai da kyau ba. Mai bada tallafi ya san akwai talauci ya san akwai marayu, abin da bai sani ba shi ne ku, wato in ya turo miliyan biyar za ku iya nuna masa inda kowace ta shiga? Wannan tambayar ce takardarku za ta amsa, mu kuma sai mu cika shafi uku da bayanin wahalar da mutane ke ciki mu bar ta.

Saboda haka ku duba takardunku tukuna. Rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar mata ta jiha tana da amfaninta amma manyan gidauniyoyi ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, suke tambaya, wadda ake yi da kwamitin amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, har sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Sai satifiket na SCUML, sashen nan da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, wanda banki ma zai nema kafin ya buɗe muku asusu, sai lambar haraji. Asusun kuma ya zama da sunan ƙungiya ne, mutum biyu ke sa hannu, ba akawun ɗin shugaba ko na mijinta ba komai amanarsu. Kuma ku riƙa kai bayanan shekara-shekara CAC, ƙungiyoyi da yawa suna yin rajista su manta da wannan sai lokacin da ake tantance su a ga sunansu ba ya aiki.

Sai batun ƙofar da kuke ƙwanƙwasawa. Irin su gidauniyoyin Gates da Ford na Amurka galibi ba sa duba takardar da ba su nema ba, su ke gayyato wanda za su yi aiki da shi, gidauniyar Tony Elumelu kuma dala 5,000 ɗin da take bayarwa na masu fara kasuwanci ne ba na ƙungiyoyi ba. Ku irin naku gara ku sa ido kan gidauniyar TY Danjuma da ke Abuja wadda ke tallafa wa ƙungiyoyin cikin gida a harkar lafiya da ilimi, da asusun AWDF da ke Accra a Ghana wanda aka kafa don ƙungiyoyin matan Afirka, da ƙananan tallafin da wasu ofisoshin jakadanci ke bayarwa. Kuma gaskiya hanya mafi sauƙi ita ce ku shiga ƙarƙashin wata babbar ƙungiya da ta riga ta samu tallafi a Kaduna ko Kano ta ba ku wani yanki na aikin, kuɗin ba yawa amma daga nan kun samu shaidar cewa an taɓa damƙa muku amana kun sauke. Tun da aka rufe USAID, hukumar bada tallafi ta gwamnatin Amurka, a 2025 manyan ƙungiyoyi ma sun dawo layin gidauniyoyi, gasa ta yi zafi, wannan shaidar ita za ta bambanta ku.

Wajen rubutu ku karanta sanarwar da kyau, in sun ce ilimin 'ya mace suke tallafawa kar ku tura musu maganar kekunan ɗinki kawai don kuna buƙata. Ku faɗi mutum nawa, a wace unguwa, cikin wata nawa, da yadda za a gane an yi nasara. Kasafi ku je kasuwa ku tambayo farashi na gaske, ku sa kuɗin haya da na mota da ɗan alawus na mai riƙe lissafi, kar ku ji kunyar sa su, Ford da kanta tana bada aƙalla kashi 25 cikin ɗari na tallafin aiki don irin wannan hidimar ofis tun 2023. Ƙungiyar da ta ce ba ta da kuɗin gudanarwa ko kaɗan ita ce ake wa kallon ba ta san aikin ba.

Inda ya fi damuna shi ne bayan kuɗi sun shigo, nan ne ƙungiyoyinmu ke faɗuwa wallahi, kuma ba don sata ba, don tausayi ne. An ba ku kuɗin horar da mata talatin sai ga wata mamba mijinta ya rasu ko ɗanta na asibiti, a ce a ɗan taɓa daga baya a mayar. Kar ku taɓa. Ku yi mata karo-karo daga aljihunku kamar yadda kuka saba, kuɗin tallafi na abin da aka sa hannu a kansa ne kaɗai. In farashi ya tashi, kamar yadda ya faru da masu tallafin naira bayan an saki darajarta a 2023, ku rubuta wa jami'in da ke kula da tallafinku imel ku nemi izinin canza kasafi kafin ku kashe, ba bayan kun kashe ba, yawancinsu suna yarda in an gaya musu da wuri.

Kowane sayayya da rasit, inda babu rasit kamar kuɗin adaidaita ko mai ɗauko kaya a rubuta bauca ya sa hannu ko ya dangwala. Duk taro a yi takardar halarta da hotuna da izinin waɗanda aka ɗauka. Mai amincewa da fitar kuɗi daban mai riƙe lissafi daban. Rahoto kuma ya tafi ranar da aka ce, don kashi-kashi ake sakin kuɗin, sai sun gamsu da na farko na biyu zai fito, in wani abu bai yiwu ba ku faɗa a ciki da dalilinsa.

Wannan lissafin ku fara shi yau da kuɗin aljihun da kuke tarawa, ku samu littafi ku rubuta wanda ya bayar da abin da aka saya, kuɗin makarantar marayun nan ku karɓi rasit ku adana, ƙarshen shekara ku nemi akanta mai lasisi ya duba ya buga hatimi, domin yawancin masu bada tallafi za su tambayi rahoton odita na shekara ɗaya ko biyu kafin ma su karanta sauran takardar.